Daga Damagaram zuwa Yamai da komowa cikin kwana 8

Hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne mutane da yawa suke ɗaure kaya su tahi ganin dangi, ko su kai mara lahiya asibiti, ko su bi wata takarda a babban birni. Amma hutun ba ya da tsawo. Mai garka yana jiran dashen albasa da tumatir. Makiyayi ya bar dabbobi hannun ƙanensa, ba ya iya daɗewa. Ma'aikaci kuwa an rubuta masa ranar komowa bisa takarda. Saboda haka mai doguwar tahiya, kahin ya ƙirga garuruwan da zai gani, sai ya fara ƙirga kwanakinsa.

Bari mu ɗauki misali. Ga mutum a Damagaram, yana da kwana 8, daga Lahadi zuwa Lahadi. Yana da buƙata a wani biro na gwamnati a Yamai. Yana kuma da ƴan uwa a Maraɗi da Ƙonni, kowa yana jiransa. Yaya zai yi?

Tsawon hanya

Hanyar ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. Daga Damagaram zuwa Maraɗi wajen 240. Daga Maraɗi zuwa Ƙonni wajen 240 kuma. Daga Ƙonni zuwa Yamai wajen 420. Zuwa da komowa ke nan kilomita 1.800. Hanyar gudro ce, amma akwai wuraren da ta lalace, dole direba ya rage gudu. Babbar kar tana tashi da asuba, ta kai bayan isha. Ka riƙe wannan lissahi: yini guda na zuwa, yini guda na komowa. Cikin kwana 8, saura 6.

Shiri na farko, mai cin kwanaki

Da yawa sukan ce: "Tun da hanya ta bi ta ƙohar dangi, bari in sauka in gaishe su." Sai ya tashi Lahadi ya kwana Maraɗi. Litinin kasuwar Maraɗi ke ci, ya tsaya. Talata ya isa Ƙonni. Laraba kasuwar Ƙonni ke ci, ya tsaya. Alhamis da dare ya shiga Yamai a gajiye. To, ran Juma'a ma'aikatan gwamnati da azahar suke tashi. Asabar da Lahadi biro a ruhe yake. In aka ce masa "komo gobe", goben nan Litinin ce, kuma kwanakinsa sun ƙare. Ya kashe kuɗin mota, ya koma gida hannu banza. Ko kuwa ya ƙara kwana, irin albasarsa ya ƙone a garka.

Shiri na biyu, wanda ya hi

Abin da ya tashe ka daga gida, shi za ka fara yi. Ziyara ta biyo baya, kan hanyar komowa.

Lahadi: ka shiga mota da asuba, kada ka sauka ko'ina sai Yamai. Tun ran Juma'a ko Asabar ka yanki tike, don kada ka iske mota ta cika.

Litinin da Talata: ka yi buƙatarka. Ka isa ƙohar biro ko asibiti tun da sahe, kahin layi ya yi tsawo.

Laraba: ka bar Yamai da asuba. Da rana kana Ƙonni, ka iske kasuwa tana ci. Ka kwana wurin dangi.

Alhamis: ka wuce Maraɗi.

Juma'a: kasuwar Maraɗi tana ci ran Juma'a kamar yadda take ci ran Litinin. Ka yi sayayya, ka yi salla, ka zaga ƴan uwa.

Asabar: ka koma Damagaram.

Lahadi: wannan kwana ajiya ne. Kada ka sa masa kome. Mota tana lalacewa, taya tana fashewa, jiki yana gajiya. In kuwa aikin Yamai ya kai Laraba, sai ka ɗauke kwanan Ƙonni, ka gaishe su ta waya, ka wuce Maraɗi kai tsaye. Ka ga buƙata ta biya, zumunci bai yanke ba, kuma ka komo ranar da ka yi alkawari.

Abin da ido zai gani

Ko daga tagar mota mutum yana ƙaruwa. In ka bar Damagaram, wadda ita ce babban birnin ƙasar nan har 1926, za ka iske Takyeta, inda hanyar Matamai da Kano ta rabu. Sai Tasawa, Gazawa, Agye da Cadawa, ƙasar hatsi da gyaɗa da wake. Sai Maraɗi. Can da garin yana cikin fadama, bakin gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka maida shi bisa tudu. Gaba kaɗan ga Tsibiri ta Gobirawa, sai Gidan Runji, sai Madawa.

Daga nan ka shiga ƙasar albasa. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen bakin teku. Mai garka ya buɗe ido nan, ya ga yadda suke jera fangali da yadda suke gina rumbun ajiyar albasa. Gaba ga Malbaza, inda ake yin siminti. Sai Tsarnawa, inda hanyar Tawa da Agadas ta yi arewa. Sai Ƙonni, dab da iyakar Najeriya.

Bayan Ƙonni sai Dogon Dutsi, ƙasar Arawa, da duwatsunta masu jan baki. A wannan yanki ne garin Lugu yake, inda Sarauniya ta tari sojan Faransa a 1899. Daga Doso ka shiga ƙasar Zabarmawa. Ka koyi kalma guda, "fofo", gaisuwa ce, godiya ce kuma. Tsakanin Doso da Yamai, wajen Kure, in ka yi sa'a za ka hangi raƙuman dawa suna cin ganyen itace. A 1996 ba su wuce wajen 50 ba, amma da aka hana kashe su sun haura 600. Ka dube su daga mota, kada ka sauka ka shiga daji.

A Yamai, in ka gama aiki da wuri ran Talata, ka je bakin Kwara ka ga gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Ka shiga gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Akwai namun daji, da bukkokin ƙabilun ƙasarmu, da maƙera da dukawa suna aiki gaban mutane. Wuri biyu sun isa. Ba a tauna taura biyu.

Guzuri da takardu

Ka riƙe takardarka ta shaidar ɗan ƙasa cikin aljihu, ba cikin buhu ba. Akwai shingen jandarma da na ƴan sanda a ƙohar manyan garuruwa. Wanda ba ya da takarda yana tsaida mota, wani lokaci ma a bar shi nan. Duk takardun da biro zai nema, ka tambaya tun kana gida, ka haɗa su cikin leda.

Kuɗi ka raba su uku: na mota, na abinci, na tsaraba. Kuɗin komowa ka ɗaure su daban, kada ka taɓa. Ka ɗauki ruwa, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da bargo in hunturu ne. Lambar wayar mai masaukinka ka rubuta ta bisa takarda, don waya tana mutuwa.

Lokacin tahiya

Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu shi ne lokaci mai kyau. Da bazara zahi yana wahal da tsohi da yara. Da damina korama tana cin hanya. A daminar 2024 ruwa ya yanke wannan hanya kusa da Yamai, motoci suka yi kwanaki suna jira. Kada ka yi tahiyar dare. Kahin ka tashi, ka saurari rediyo, ka tambayi direbobi a tasha labarin hanya da na tsaro. Mai tambaya ba ya ɓata.

Abu na ƙarshe: kahin ka hita, ka gaya ma mai tsaron garkarka ko dabbobinka ranar da za ka komo. Ka bar masa abin da zai ishe shi har da kwana guda na ƙari. Allah ya kai mu lahiya, ya komo da mu lahiya.