Alhamis Ɗinmu da Tsofaffi a Kan Dutse

A Fagge, duk wanda ya ce 'ya'yansa a gida suke karatun boko sai ya shirya amsa tambayoyi. Wani zai ɗauka kuɗin makaranta ne ya gagara, wani ya ce gudun tarbiyyar waje ne. Mu dai annobar korona ce ta fara sa mu. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, uwargidana, wadda ta taɓa koyarwa a firamare, ta jingina allo a bangon tsakar gida, ta ɗora wa yaran daga inda malamansu suka tsaya. Da aka koma makaranta muka ga ƙananan sun fi ɗaukar karatu a hannunta, sai muka bar su. Da safe lissafi da Turanci da rubutun Hausa a gida, da yamma Islamiyya tare da sauran yaran layi, don ba ma so su tashi ba abokai.

Ranar Alhamis babu Islamiyya, kamar yadda aka gada daga makarantun allo, saboda haka muka mai da ita ranar fita. Tun fitar farko mahaifina ya kafa sharaɗi, ya ce ba inda za a kai jikokinsa sai da shi. Inna ma ta ce ba za a bar ta gadin gida ba. Wannan sharaɗin na Baba shi ya zama ginshiƙin karatun yaran nan, kuma shi nake so in yi bayani a kai, don ko wanda 'ya'yansa ke makarantar gwamnati ko ta kuɗi zai iya gwada shi.

Dutsen Dala muka fi hawa. Daga Fagge ba nisa, adaidaita sahu biyu sun ishe mu, mu shiga birni ta Ƙofar Mazugal. Yaro mai lafiya, in aka sake shi, kafin ka gyara zaman hularka ya haye matakalar ya kai ƙoli, ya leƙa ya ce ya gani, a sauka. Da Baba kuwa ba a haka. Yana dogara sanda, ya hau kaɗan ya tsaya ya huta, ba kuma wanda ya isa ya wuce gabansa. Jikarsa mace ce ke riƙe masa buta, yana ce mata, "Amarya, kar ki bar ango a baya, mutane za su yi da ke." Duk inda ya tsaya sai ya juya ya fuskanci gari, dole yaran su ma su juya. A tsayuwar farko rufin gidaje kawai ake gani. A ta gaba unguwanni sun fara rabewa. Kafin a kai sama, sun ga Kano tana buɗewa a gabansu sannu a hankali, kuma an gaya musu sunan kowane abu da ya bayyana. Na lura abin da suka gani a wuraren hutawar nan ya fi zama a kansu a kan abin da suka gani a ƙoli.

A sama yakan zauna a kan darduma ya nuna da sandarsa. Ga Goron Dutse can. Ga hasumiyoyin Babban Masallaci, kusa da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ga wajen Kasuwar Kurmi, ita ma ta zamaninsa. Ya ba su labarin Barbushe, shugaban mutanen da suka zauna a gindin dutsen nan suna bauta wa Tsumburbura, da yadda Bagauda ya zo ya zama sarkin Kano na farko a shekarar 999, bisa lissafin da aka gina a kan tsohon littafin Tarihin Kano. Yarinyar ta ɓata fuska ta ce, "Alhaji, to mu me ya kawo mu wurin da aka yi bautar gunki?" Na so in amsa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce mata, "Kin zo ki ga inda Allah ya ɗauko kakanninki ne. Wanda bai san duhun da aka fito ba, ba zai gode wa haske yadda ya kamata ba." Daga nan ya shiga labarin Wangarawa, malaman da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji suka tsayar da salla a Kano. Da ni ne, da na kauce wa tambayar ko na amsa ta da tsawa. Shi shekaru sun ba shi natsuwar da zai bar yarinya ta faɗi abin da ke ranta, ya kuma amsa mata ba tare da ya raina tarihin ko ya yi wasa da addinin ba.

Uwargida takan ƙara nata daga littafi. Ita ta gaya musu cewa masu binciken ƙasa sun samu alamun narka tama a wajen Dala tun kusan ƙarni na bakwai, da kuma cewa wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, ya hau dutsen nan a 1851 ya zana hoton birnin daga inda muke zaune. Ranar ta raba musu takarda da fensir ta ce kowa ya zana nasa.

Akwai abin da ke ci mini rai duk hawan da muka yi. Gidaje sun matse dutsen har gindinsa, ruwan sama yana zaizaye gefensa, ga leda da shara a inda bai kamata ba. Wurin da Kano ta faro ke nan. Yaran sukan tafi da buhu su tsinto abin da suka iya, Inna ce ta fara sa su. Buhu ɗaya ba ya gyara dutse, na sani, amma ina so su tashi suna jin ciwon abin.

Ba kullum ake hawa ba. Wata Alhamis da ƙafa muke fita, daga ƙofar gida. Baba ya bi da su ta Kantin Kwari yana gaya musu cewa Fagge zango ce tun kafin zuwan Turawa, inda ayarin raƙuma daga Azbin ke sauke gishiri da dabino a wajen ganuwa. Ya kai su wajen tashar jirgin ƙasa ya ce layin dogo ya iso Kano a 1911, shi ya ja cinikin gyaɗa, shi ya ja mutanen kudu da aka yanka wa Sabon Gari bayan shekara biyu. Dalar gyaɗa da idonsa ya gan ta yana saurayi, yakan kwatanta yadda 'yan dako ke hawa da buhu a ka. A Sabon Gari uwargida ta sa yaran su rubuta sunayen tituna, Abeokuta, Enugu, Aba, Warri, a dawo gida a nemo kowane gari a taswirar Nijeriya. Ban taɓa ganin darasin labarin ƙasa da ya shige su kamar wannan ba.

A can Baba yana da tsohon aboki, wani tela Bayarabe da aka haifa a Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Suka zauna a benci suna tuna mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ba su ɓoye wa yaran cewa an zubar da jini tsakanin unguwannin nan biyu ba, a rikicin watan Mayu na 1953 da kuma na 1966. Suka faɗa a taƙaice, telan ya aika aka sayo wa yaran lemo. A hanyar dawowa ƙaramin ya tambaye ni ko shi ma wancan tsohon kakansu ne. Na ce masa abokin kakanka ai kakanka ne.

Tafiya mafi nisa da muka yi ita ce ta duwatsun Birnin Kudu, a Jigawa, wadda ke cikin Jihar Kano kafin 1991. Mun bari sai da damina ta ɗauke, kafin hazon hunturu ya rufe sama. Tafiya da tsoho tana da dokokinta. Ana tashi bayan asuba, ba a yin dare a hanya. Maganin hawan jinin Baba a aljihuna yake, ba a cikin jaka a but ba. Ana tsayawa don salla da kama ruwa ko ba wanda ya nema, domin tsoho zai iya jin nauyin faɗa a gaban surukarsa. Inna ta yi guzurin dambun nama da gurasa da zoɓo. Muka ƙetare gadar Wudil, muka kwana a gidan 'yan uwa.

Wannan tafiyar ta Inna ce. A gida ba ta da yawan magana, amma da muka shiga daji sai ga wata mace daban. Ita a ƙauye ta tashi. Ta nuna musu kanya da ɗorawa da magarya da aduwa, ta ce wannan ana ci, wannan ana daddawa da 'ya'yanta, wannan ganyenta ake wanka da shi. Ta tsaya a gindin gawo ta ce, "Maigida, zo ka ga itacen da ya saɓa wa kowa." Haka take kiran jikanta namiji. Ta bayyana masa cewa gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa gero rana kuma ƙasar gindinsa ta fi albarka.

A Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe akwai zane-zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, waɗanda masu bincike suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950. Akwai kuma duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙarfe, yaran suka yi ta bugawa har sai da aka janye su. Inna ba ta iya hawa sosai ba, sai da muka riƙe ta. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce, "Waɗannan shanun ba su da tozo." Mu duka mun kalla ba mu lura ba. Da muka dawo uwargida ta bincika, ta tarar masana ma abin da suka lura da shi ke nan, cewa irin shanun da aka zana ba irin masu tozon da Fulani ke kiwo a yankin yanzu ba ne. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gani da kallo ɗaya, a gaban jikokinta. Tun daga ranar, in ta yi magana sukan ajiye abin da ke hannunsu.

Ina ganin mun yi sakaci da tsofaffinmu a gidajen birni. Muna ciyar da su, muna kai su asibiti, muna gaishe su safe da yamma, amma mun bar su da rediyo da carbi, kamar ba sauran abin da za a nema a wurinsu. Baba yakan fara shirin Alhamis tun Talata. Yana tuno abin da zai faɗa, wani lokaci ya aika a tambayo masa wani tsohon ya tabbatar da suna ko shekara.

Ranar Asabar yaran ke rubuta abin da suka ji suka gani, kowa a littafinsa, uwarsu ta gyara ƙa'idar rubutu. Ta kafa musu doka guda: kowace magana a rubuta wanda ya faɗe ta. In abin da Alhaji ya ce ya saɓa da na littafi, a rubuta duka biyun, kar a goge ko ɗaya. Haka ta faru a kan ƙofofin Kano. Ganuwar dai an yarda Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wajen ƙarni na goma sha biyu, amma adadin ƙofofin da Baba ya lissafa bai zo daidai da na littafin da ke hannunsu ba, domin an yi ta faɗaɗa ganuwar, an kuma huda sababbin ƙofofi daga baya. Sai yaran suka ce za su bi su ɗaya bayan ɗaya su ƙirga da kansu, su tambayi dattawan kowace ƙofa. Sun gama da na kusa da mu, Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Mazugal. Gwiwar Baba ta fara hana shi hawan dutse, amma zagayen ƙofofi a adaidaita ake yi. Alhamis mai zuwa Ƙofar Kabuga za mu, ta wajen da sojojin Ingila suka shigo Kano a 1903, kuma ya riga ya ce a yi wa mai adaidaita magana tun daren Laraba.