Zanen Inna Da Ankon Bikin 'Yata

  

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta, domin ba laifin kowa zan tona ba sai nawa. Amma na ga cewa idan na yi shiru wata 'yar uwa za ta iya faɗawa ramin da na faɗa, alhali da kalma ɗaya sai ta kauce. Maganar kuwa a kan sutura ce, wato zane da riga da ɗankwali, abin da muke ɗauka ƙarami, wanda kuma ya kusa raba ni da jinina.

Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗejiya ba zai manta daminar shekarar 2022 ba. Ruwan da ke gangarowa daga kogin Kano da na Challawa ya zo da ƙarfi, ya tarar da hanyoyinsa sun cushe da ciyawar kachala, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje a yankunan Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. A cikin gari matasa suka dinga cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa dare da rana, Allah kuma Ya kiyaye mu. Amma taubashiyata, 'yar goggona, wadda ke aure a wani ƙauye da ke bakin kogi ta wajen Auyo, ba ta tsira da komai ba sai 'ya'yanta da kayan jikinta. Shinkafarsu ta nutse ana dab da yanka, ɗakinta ya zauna, akwatinta ya tafi. Suka yi makonni a wata makarantar firamare kafin ruwa ya janye.

Na aika mata da abin da ya sawwaƙa: 'yan kwanonin hatsi, da sabulu, da ƙullin tsofaffin kayana. Na ji a raina na sauke nauyi. Daga nan hankalina ya koma kan bikin 'yata ta fari, wanda aka sa a watan Disamba na wannan shekarar. Na aika Kantin Kwari aka zaɓo anko kala biyu, atamfa ta ranar kamu da leshi na ranar wuni, na ɗauki hoto na tura wa dangi ta waya tare da kuɗin kowanne. Ita ma na tura wa ɗanta ya nuna mata, kamar yadda na tura wa kowa, ban ko tsaya na yi tunani ba.

A ranar kamu aka yi wa amarya shigar da, kamar yadda ake yayi yanzu: saƙi, da murjani, da lalle har gwiwar hannu. Saƙin hayarsa muka yi da kuɗi masu ciwo. Mata suna ta guɗa suna cewa mun farfaɗo da al'adar iyaye, ni kuma ina ta jin daɗi. Aka yi wuni, aka kai amarya, aka watse, taubashiyata ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba. Na yi fushi ƙwarai. Na ce a raina, yarinyar nan a bayanta ta yi wayo, kuma ni ce na tuna da ita ranar da ruwa ya ci su, wannan shi ne sakayyata?

Sai da aka yi wata biyu na je duba Goggo da ba ta jin daɗi, na tarar da ita a can tana jinya. Bayan an gaisa na kasa haƙuri, na sako maganar cikin wasan taubasantaka, amma da ƙaya a ciki. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Yaya, da wane zanen zan shiga cikinku? Ankon ya fi ƙarfina. Kayan da kika aiko min kuwa, Allah Ya saka da alheri, amma riga ɗaya ce ta shige ni, ita ma kowa ya san ki da ita. Na shirya har na fito bakin hanya, sai na tuna za a yi hoto, na koma." Goggo da ke kwance ta ɗago kai ta ce, "Ke kuwa ina zanen uwarki? Da shi aka kai ni, da shi aka kai uwar mijinki."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Zanen da Goggo take nufi yana nan a ɗakina, cikin adudun da Inna, Allah Ya jiƙanta, ta bari. Saƙi ne baƙi mai ratsin fari, wanda kakarmu ta kaɗa zarensa da mazari, aka kai wani sashe na zaren marina aka tsoma a baba, masaƙa suka saƙa ƙwarya-ƙwarya aka haɗe. Na tashi na ga ana zuwa aronsa. Duk yarinyar da za a kai ɗaki a unguwarmu, idan iyayenta ba su da hali, sai a turo yarinya da sallama, Inna ta buɗe adudu ta miƙa, bayan kwana bakwai a dawo da shi a ninke da ɗan goro a kai. Ban taɓa jin an ambaci wadda ta ara ba. Ga shi ni na je na yi hayar kwaikwayonsa domin hoto, na bar na ainihin a rufe, na kuma bar 'yar uwata a bakin hanya.

Da na dawo gida na buɗe adudun na zauna ina duba abin da ke ciki. Ban da saƙin akwai atamfofi guda biyar, wasu na lefen Inna ne, har yau launinsu bai gudu ba. A zamaninsu atamfar talaka a Kaduna ake buga ta. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna, aka buɗe UNTL a 1964, kuma audugar manomanmu ce take shiga injinansu. Ta farkon ta tsaya a 2002, ta biyun ta rufe ƙofa a 2007, kasuwa ta koma hannun kayan da ake shigowa da su daga Sin. Ba zan ce wannan bai zo da sauƙi ba, domin yau akwai atamfar da mai ƙaramin ƙarfi za ta iya saya. Sai dai da yawa daga cikin masu arahar roba ce ta fi yawa a jikinsu, a zafin Haɗejiya na watan Afrilu sai mace ta ji kamar an naɗe ta a leda, kuma wanki kaɗan sun koɗe. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ƙara da cewa abin da za a saya sau uku a shekara ba araha ba ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗinkin. Turmin atamfa yadi 6 ne. Iyayenmu sukan fitar da zane, da riga buba mai faɗi, da ɗankwali, wani lokaci har a sami ragowar goyo. Zanen ba a yanka shi, kalmasa baki kawai ake yi, saboda haka siririya ta ɗaura, mai jiki ta ɗaura, mai ciki ta ɗaura har ta haihu. Idan ya tsufa ya zama na aikin gida, daga nan ya zama majanyi, ya zama shimfiɗar jariri, ya ƙare a tsumma. Bubar kuwa ba ta san ƙiba ko rama ba, kuma ba ta bayyana surar jiki. Kuɗin tela kaɗan ne domin aikin miƙaƙƙe ne. Mu kuma yanzu sai mu sa a yayyanka turmi guda a ɗame shi daidai jikin mace ɗaya, a jera masa duwatsu, kuɗin ɗinki ya kusa kamo kuɗin atamfa, bayan haihuwa ɗaya ya daina shiga. Shi ya sa sadakar da na yi ba ta amfanar ba: na ba da kayan da ni kaɗai aka ɗinka wa. Ashe arahar shigar da tana cikin cewa sutura ɗaya takan rufa wa mutum goma asiri.

Daga baya na kai wannan damuwa gaban malamarmu ta Islamiyya, sai ta tunatar da ni wani hadisi da ke cikin Sahihul Bukhari, a littafin kyauta, babin aro domin amarya. Wani tabi'i ya shiga wajen Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ya same ta sanye da wata riga mai kauri wadda kuɗinta dirhami 5 ne. Ta nuna masa kuyangarta, ta ba shi labarin cewa yarinyar tana jin ta fi ƙarfin sa irin wannan riga ko a cikin gida, alhali ita tana da irinta a zamanin Manzon Allah (SAW), kuma babu macen da za a yi wa kwalliyar aure a Madina face an aiko aronta. Mai karatu, ka dubi wannan: matar shugaban halitta, riga ɗaya mai araha, amaren gari guda. Da na ji sai na ga adudun Inna a gabana. Inna ba ta taɓa karanta Bukhari ba, amma ta rayu a kan wannan babin.

Malama ta ƙara da hadisin Ummu Aɗiyya da ke cikin Bukhari da Muslim, lokacin da aka umarci mata su fita idi, aka tambaya game da wadda ba ta da mayafi. Ba a ce ta zauna a gida ba, umarni aka yi 'yar uwarta ta yafa mata daga nata. Wato rashin sutura ba hujja ce ta barin mace a baya ba, nauyi ne da ya hau kan wadda take da ita. Ni kuwa na juya al'amarin: na sa sutura ta zama ƙofa, na kuma sa mata kuɗin shiga. An ce zumunta a ƙafa take, mu mun mayar da ita a zane.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Musulunci bai hana ado ba. A aya ta 26 ta Suratul A'araf Allah Ya ambaci tufafi a matsayin ni'ima ta fuska biyu, rufe tsiraici da kuma ƙawa, sannan Ya fifita tufar taƙawa a kansu, a aya ta 31 kuma Ya haɗa umarnin yin ado da hani ga almubazzaranci. A Sahihu Muslim an bayyana cewa son tufa mai kyau ba shi ne girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ban kuma ce anko haramun ne ba, wannan fagen malamai ne. Na san ma akwai masu cewa anko yana daidaita mai kuɗi da talaka a wurin biki, kuma da gaskiyarsu idan uwar biki ce ta raba shi kyauta, ko aka zaɓi wanda kowa zai iya. Amma ankon da ake ci bashi a saya, ko a sayar da akuya, ko a yi rigima da miji a kansa, ko mace ta ƙi zuwa bikin jininta saboda shi, wannan kowa ya tambayi zuciyarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 darajar naira kuma ta faɗi, irin taubashiyata sun ƙaru a kowane dangi, sai dai ba sa faɗa.

Na san karin maganar da ke cewa zanen aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne ga wadda ta ara domin ta nuna abin da ba ta da shi. Amma aron da Inna take bayarwa ya rufe katara har ya rufe asiri, domin ana bayar da shi a ɓoye, ba a kuma gori.

Ga 'yan matanmu da ke sha'awar shigar da, ina murna da ku, domin ta fi sutura, ta fi sauƙin kuɗi, ta kuma fi dacewa da zafin ƙasarmu. Shawarata ita ce kada ku tsare ta a ranar kamu da gaban mai hoto. Ku nemi atamfar auduga ko da guda biyu ce a shekara, ku murza gefenta ku ji, wadda ta cika santsi da ƙyalli roba ce. Ku ce wa tela ya bar zanen a zanensa, ya yi buba mai yalwa. Ku shanya a inuwa, ku juya bai kafin guga. Ku tambayi iyayenku abin da ke ƙasan akwatunansu. Idan za ku bayar, ku bayar da abin da za a iya sawa a shiga taro, zai fi kyau a ce turmi ne ba a ɗinka ba, ko da mai araha ne.

Na nemi gafarar taubashiyata, ta ce ba komai, ta kuma yi dariya ta ce dama taubashi ba ya laifi. Amma har yau idan na duba hotunan bikin nakan ga gurbinta. Da 'yata ta haihu a ƙarshen 2023 ban fitar da anko ba, wasu sun yi gunaguni, na yi kamar ban ji ba. Ana saura kwana uku suna na aika mata da atamfa ɗaya daga cikin na Inna. Ta zo da ita ɗaure, ita ta yi wa jaririya wanka, babu wanda ya tambaye ta inda ta samu. Saƙin kuwa ya fita aro sau biyu tun daga lokacin, kuma ba zan faɗi gidajen da ya je ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya mayar wa waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna da mafificin alheri, Ya suturta mu duniya da lahira, Ya kuma tsare mu daga zama sanadin kunyar wani Musulmi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.