Wa ke magana a shafin ɗan kokowa?

Yau kanmu za mu fara tona wa asiri. Kwanan baya, cikin shirin wasanni, mun karanta muku saƙon da muka gani a shafin Facebook na wani ɗan kokowar jaharmu, wai ya ce a bana ba mai kai gwiwarsa ƙasa, har ya kama sunan abokin karawarsa. Kafin mu bar studiyo sai ga shi ya kira a salula, rai ɓace. Shi bai ma ga saƙon ba. Yaron da ke riƙe masa shafin ne ya rubuta, da Faransanci mai santsi, shi kuwa gogan bai yi lakkol ba. Mu da muka yi, mu ya kamata mu lura.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2016 Victor Anichebe, ɗan ƙwallon Najeriya da ke Sunderland, ya wallafa saƙo a Twitter har da umarnin wanda ya tsara masa shi.

To, yi wa ɗan kokowa magana ai ba sabon abu ba ne. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, makaɗa da maroƙa ke wasa shi. Amma a fili suke, kowa na ganin bakin da ya faɗa. Na shafi kuwa ya ɓuya, yana cewa "ni", gabar kuma ɗan kokowa ke kwasarta a fage.

Daga yanzu, in ba mu ji muryarsa ba, "shafinsa ya ce" za mu ce muku.