Mu 'Ya'yan Zangon Agege da Rabon Ilimi

Mu da aka yanke wa cibi a Zangon Agege, muka yi wayo tsakanin tashar jirgin ƙasa da Ogba, mun tashi da yaƙinin cewa duk ɗaya muke. Liman ɗaya muke bi, a tabarma ɗaya muka yi karatun allo, kuma bulala ɗaya ta hore mu. Sai da lokacin shiga boko ya yi sannan muka gane ashe kowane yaro da irin ƙofar da aljihun mahaifinsa zai buɗe masa.

Fataucin goro da na shanu ne ya kawo kakanninmu nan, musamman bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911. Har zuwa 1967 Agege tana ƙarƙashin Jihar Yamma ne, don haka shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Awolowo ta fara a 1955 ya iso har bakin ƙofarmu. Amma da yawa daga magabatanmu sun ja da baya, saboda galibin makarantun na mishan ne, su kuwa suna tsoron abin da zai taɓa addinin 'ya'yansu. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya rage wannan ɗari-ɗari. Sannan Gwamna Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983, ya gina ajujuwa masu yawa, ya kuma kawar da tsarin karatun kamu-kamu na safe da rana. A wancan ɗan taƙin, ɗan attajiri da ɗan lebura sun zauna a benci guda.

Wannan haɗuwa ba ta daɗe ba. Tun daga matsin tattalin arziki na 1986, makarantun gwamnati suka shiga sukurkucewa, masu hali kuma suka kwashe 'ya'yansu. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta gano makarantun kuɗi sama da 12,000 a Jihar Legas. Ta haka unguwarmu ta rabu gida uku. Ɗan babban dillalin shanu na mayankar Oko-Oba mota ke kai shi makaranta a Ikeja. Ɗan tela ko mai tireda yana ƙaramar makarantar kuɗi mai ɗaki uku, inda ake koro shi duk lokacin da biya ya yi jinkiri. Ɗan mai ga-ruwa da ɗiyar ɗan dako kuwa, talla ce ke cinye safiyarsu, domin ko a makarantar kyauta sai an ɗinka yunifom an sayi littafin rubutu.

Har ila yau, akwai wani shingen da ya fi na kuɗi ciwo, wato takardar shaidar asali. A Ikko baƙi ne mu wajen tallafin karatu, ko da kuwa kabarin kakanmu yana nan. A Arewa kuma 'yan Kurmi ake ce mana. To, mai hanya yakan aika gida a sa masa hannu a ƙaramar hukuma, sai ɗansa da ya yi karatu a makaranta mafi tsada ya sami gurbin da aka keɓe domin jihohin da aka bari a baya a ilimi. Ɗan talaka, wanda mahaifinsa ya shekara ashirin bai taka ƙauyensu ba, wa zai shaide shi? Taimakon da aka tanada domin mai rauni ya koma hannun mai ƙarfi ke nan.

Mu ƙalilan da muka tsallake zuwa jami'a mun san ba mu fi waɗanda muka bari basira ba. Akwai waɗanda suka riga mu sauke Alƙur'ani, suka fi mu lissafi, yau suna haya da babur a lungunan Ogba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dukiyar da ke Zango ta isa ta kafa asusun zakka da waƙafi na biya wa marayu kuɗin jarrabawa, kuma fadar Sarkin Hausawa tana da bakin da za ta nema wa kowane yaro takardar asalinsa ba tare da sanayya ba. Namu kason shi ne mu riƙa komawa lokacin hutu, mu zauna da ƙannenmu mu koya musu. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.