Wuri Ɗaya, Tukunya Uku

Duk wanda ya san Kano ya san kasuwa ba ta tsayawa inda katangarta ta tsaya. Ko Kantin Kwari ka nufa, ko Ƙofar Wambai, ko Sabon Gari, kafin ka taka ƙofar shagon farko sai ka ratsa masu tebur, masu baro, da waɗanda suka shimfiɗa buhu a ƙasa suka baje haja. Mai mota yana tsaki, mai ƙafa yana kauce-kauce. To amma ni ba cunkoso kaɗai nake gani a wurin ba, domin na san tukwanen da ake ɗorawa daga nan.

Bayan rasuwar mijin yayata, ta fita daga takaba da marayu huɗu, ba jari sai kasko da murhu. Wani dattijo mai shagon atamfa ya ba ta aron gaban shagonsa, wurin da bai fi taku huɗu ba. Da an idar da sallar asuba take dasa kaskon ƙosai, kafin ƙarfe 9 ta kwashe, ta share, ta yayyafa ruwa. Tana tashi wani saurayi zai kafa teburin takalman roba har magariba. Shi ma yana naɗewa mai shayi zai jera bencinsa, sai dare ya raba. Gida uku ke nan suna ci daga wuri ɗaya, kuma babu mai takarda a cikinsu. Sharaɗin dattijon biyu ne kacal: kada a tare masa ƙofa, kada a bar masa shara. Shi ma bai yi asara ba, don muddin fitilar mai shayi tana ci, ɓarawo ba ya raɓar kwaɗonsa.

Sai dai zaman aro zaman ɗar-ɗar ne. Damina ta zo a yi ta gudu da leda. Ranar da ma'aikata suka fito share hanya kuwa, da an ce "ga su nan!" mai baro ya tura, mai tebur ya rungumi abin da ya samu. To mai tafasasshen mai a kasko fa, ina za ta? Ba na musun hanya haƙƙin kowa ce, marar lafiya da mai naƙuda suna buƙatar wucewa. Amma da za a shata wa mutanen nan layi, a yanka musu lokaci, da an huta da tsere.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mu kanmu muke raina su. Saurayin nan mai takalma ya nemi auren wata yarinya a layinmu, suna son juna kamar me. Da magana ta je gaban uwar sai ta ce, "Ina shagonsa yake?" Aka ce ai tebur gare shi. Ta taɓe baki ta ce, "Haba Yaya, 'yar tawa zan ba wanda iska ke kwashe wa kanti?" Ba ta tambayi sallarsa ba, ba ta tambayi riƙon amanarsa ba, alhali shekara biyar yana wurin ko allura ba a taɓa nema an rasa ba.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Lokacin da gobara ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da idona na ga masu shaguna sun dawo bakin titi suna neman inda za su ajiye tebur, kuma waɗanda ake rainawa ne suka matsa musu wuri.

Don haka iyaye, idan mai tebur ya yi sallama a ƙofar gidanku, ku je ku tambayi maƙwabtansa na kasuwa. Mutumin da aka ba aron wuri ba takarda ba shaida, ya riƙe shekara da shekaru ba a ji kansa da kowa ba, to zai iya riƙe 'yar mutane. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a neman kowa, amin.