Tilas biyu, suna ɗaya aka kira

Ƴan matan Agadas masu kallon zanen Japan mai motsi a wayar salula suna tarar da tsohuwar magana cikin sabuwar riga, wato auren dole. Labarin Candy, wanda aka fara nunawa a Japan a 1976, ya isa telebijin ɗin Faransa a 1978, ya isa misali. Dangin da suka riƙi marainiyar sun so aura mata Daniel, wanda ya gallabe ta tun ƙuruciya. Labarin ya la'anci wannan tilas, ya kuwa kyauta, ko da yake ba ƙin yarinyar ne ya warware baikon ba, sai da William, babban gidan, ya buɗe baki.

Terry fa? Ya sumbace ta da ƙarfi, ta mare shi, ya rama. Shi ne kuma gwarzon da masu kallo suka zubar wa hawaye. Haka Hana Yori Dango ta yi a 1996: uwar Domyoji ta zaɓa masa ɗiyar attajiri, aka ce zalunci, shi ya sa ɗalibai tsangwamar Tsukushi, ya bi ta da zafin kishi, aka ce so.

A Nijar, inda UNICEF ta ƙiyasta ana aurar da ƴan mata 76 cikin 100 kafin shekara 18, budurwa ta san tilas ɗin iyaye tun daga nesa. Saurayin da ke bincikar wayarta, yana ƙayyade mata ƙawaye, shi ne take yi wa uzuri gaban uwarta.