Aron Keke Mai Ƙafa Uku: Tsakanin Kunya da Zumunci

Bahaushe bai haɗa aro da rance a kalma ɗaya ba. Rance shi ne karɓar abin da za a kashe ko a cinye, kamar kuɗi ko hatsi, sannan a mayar da kwatankwacinsa. Aro kuwa karɓar abu ne a yi amfani da shi, a dawo da shi kansa, kamar tabarma ko turmi ko tsani. Idan aka biya lada a kan amfanin, to ya tashi daga aro ya koma haya. Wannan bambanci yana nuna cewa tun asali aro ya ginu ne a kan zato guda biyu. Na farko, abin zai dawo yadda ya tafi. Na biyu, mai shi ba zai rasa komai ba muddin abin yana hannun wani. Tabarma da turmi sun cika waɗannan sharuɗɗa. Keke mai ƙafa uku kuwa bai cika ko ɗaya ba, shi ya sa aronsa yake yawan shiga tsakanin 'yan'uwa da aminai.

Sunayen wannan abin hawa kansu suna ɗauke da tarihinsa. A Legas an san shi da Keke Marwa, saboda Buba Marwa wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Sunan Keke Napep ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano kuwa ana kiransa Adaidaita-sahu, sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo kekunan a 2005 domin ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai keken ya gaje titi. Tun daga lokacin ya zama sana'ar dubban magidanta, har da malaman makaranta da ƙananan ma'aikata masu neman abin cike giɓin albashi.

Abu na farko da ya kamata mai keke ya duba kafin ya miƙa makulli shi ne, kekensa jari ne, ba kayan ɗaki ba. Da yawa daga masu shi ba su biya kuɗinsa lokaci guda ba. Dila ne ya ba su a kan su riƙa biya mako-mako, kuma idan biya ya tsaya yana iya karɓe abinsa. Wasu kuma na wani suke ja, suna kai masa balas kullum. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai da na kayan gyara sun tashi, ribar yini ta ragu. Saboda haka wanda ya ba da aron keke na kwana biyu, ba ƙarfe kawai ya bayar ba, ya bayar har da cefanen kwana biyu da wani kaso na bashin da ke wuyansa.

Abu na biyu shi ne tuƙi. Mafi yawan masu neman aro hujjarsu ita ce sun iya babur, alhali iya babur ba shi ne iya keke ba. Mai babur yana shan kwana ne ta hanyar karkata jikinsa da babur ɗin gaba ɗaya. Keke mai ƙafa uku ba ya karkata haka. Idan aka shiga kwana da gudu, tayar baya ta ɓangaren da aka juya sai ta ɗaga, keken ya kife da fasinjojinsa. Haka kuma bayansa ya fi gabansa faɗi. Wanda ya saba da babur yakan auna rata da tayar gaba, sai ta baya ta faɗa kwata ko ta gogi motar mutane. Giyarsa ma a hannun hagu take, ana murɗa ta tare da kama kuloci. Baƙon hannu yana iya lalata ta cikin yini ɗaya, ɓarnar kuma ba za ta bayyana ba sai bayan ya dawo da makulli ya yi godiya.

Abu na uku shi ne suna. Takardun keke da lambar da ke jikinsa na mai shi ne. Idan aka buge mutum, ko aka karya dokar hanya, ko ɓata-gari suka yi ƙwacen waya da shi, jami'an KAROTA da 'yan sanda lamba za su bi, lamba kuma ƙofar gidan mai keke za ta kai su. Inshorar da doka ta wajabta ta ɓarnar da aka yi wa wani ce, ba ta gyara keken mai ita. Idan kuma wanda ke tuƙin ba shi da lasin, to lamarin ya ƙara dagulewa.

Malaman fiƙihu ma sun yi magana a kan wanda zai ɗauki asarar kayan aro. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban zaure ke karantawa a Risala, an raba kayan aro gida biyu. Abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado, idan ya salwanta mai aro ne zai biya, sai dai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Abin da ba ya ɓoyuwa kuwa, kamar dabbar hawa, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka yi masa. Keke ya fi kama da dabbar hawa. Ke nan idan tsautsayi ya auku ba tare da ganganci ba, mai keke ne zai rungumi asara. Kuma ba a iya cewa mutum ya wuce iyaka idan tun farko ba a gindaya masa ita ba.

Duk da haka, hanawa ba abu ne mai sauƙi ba a al'ummar da ke ƙyamar rowa. Wani malamin firamare a unguwar Kurna ta Kano ya sayi keke a kan biyan mako-mako, yana ja da yamma bayan an tashi daga makaranta, da kuma Asabar da Lahadi. Wata rana ƙaninsa, tsohon ɗan acaɓa, ya zo ya ce, "Yaya, a ara mini keke Asabar da Lahadi, zan kai su Gwaggo biki Dawanau, in ɗan yi lodi a hanya." Ranakun nan biyu su ne suke haɗa masa kuɗin dila na ranar Litinin. Mahaifiyarsu ma ta sa baki, ta ce, "Ɗan'uwanka ne, in ba ka ba shi ba wa za ka ba?" Malamin ya ce, "Inna, su Gwaggo ni zan kai su, ni zan dawo da su. Shi kuma ya same ni a filin makaranta in koya masa, don wannan ba babur ba ne." Ƙanin ya yi fushi, ya yi makonni bai taka gidan ba, wasu dangi kuma suka ce boko ya koya wa malam rowa. Daga baya yaron ya zo ya koya, ya yi lasin. Aka zauna gaban kawunsu aka tsayar da magana: zai riƙa jan keken da safe lokacin da yayansa ke aji, shi zai sha mai, zai kai balas, ba zai fita gari ba, kuma ba zai ba wani ba. Wato an fitar da lamarin daga aro an mayar da shi haya, kowa ya san haƙƙinsa.

Abin lura a nan shi ne, malamin ya raba buƙata da abin da aka roƙa. Buƙatar dangi ita ce a kai mata biki, kuma an kai su. Buƙatar ƙanin ita ce abin yi, ya kuma samu ta hanyar da ba za ta durƙusar da gidan yayansa ba. Yawancin masu neman aro haka suke. Wani mara lafiya zai kai asibiti, wani buhun hatsi zai ɗauko daga kasuwa, wani kuma kuɗin cefane ya rasa. Duk waɗannan ana iya biyansu da kai mutum inda za shi, ko a ba shi kuɗin mota, ba tare da makulli ya bar hannun mai shi ba. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma wanda ya bar lodi ya kai ɗan'uwansa da kansa ya fi wanda ya jefa masa makulli yana ƙunƙuni cika wannan magana.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa ba da aro. Ana iya ba wanda aka ga tuƙinsa da ido, mai lasin, wanda aka san zai faɗi gaskiya idan ya yi ɓarna. Sai dai a faɗi inda za shi da lokacin dawowa da wanda zai yi gyara, tun makulli bai fita daga aljihu ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma tambaya ɗaya da mai keke zai yi wa kansa: idan keken nan ya dawo a kan motar ɗaukar kaya, shin zai iya ci gaba da gaisawa da wannan mutum? Idan amsar ita ce a'a, to hanawa cikin ladabi ta fi. Fushin wanda aka hana yakan wuce cikin makonni, amma gabar da ke biyo bayan keken da aka farfasa takan kai har ga 'ya'ya.